Take Ɗaya, Asali Uku

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Kaka ya rasu wata Talata a tsakiyar lokacin sanyi, a asibitin da ke kusa da Sevran, a gefen Paris, bayan jinya ba mai tsawo ba. Ƙanen kakata ne ta wajen uwa. Shi da iyalinsa su ne kaɗai dangina a duk ƙasar Faransa. Ina cikin tram, jirgin cikin gari, a Vénissieux kusa da Lyon, Kawu, babban ɗansa, ya kira ni. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Tsoho ya cika. Ki taho. Ki zo da na'urar nan taki."

Ban gane abin da ya haɗa na'urar ɗaukar murya da rasuwa ba sai da na isa.

Gidan a unguwar Beaudottes yake, can saman bene, asansar da ke hawa da mutane kuma ta lalace kamar yadda ta saba. Tun daga matakala na fara tsallake takalma. Maza sun cika falo, mata suna ɗaki da kuzin, wurin girki. Akwai tsofaffin da suka yi aikin sito tare da shi, akwai ɗalibai, akwai limamin masallacin unguwa. Na raɓa jikin bango na zauna kusa da ƙofar kuzin, inda ake jin kowa.

Liman ya ce, "Duk zamana a unguwar nan ban taɓa riga Alhaji shiga sahun farko ba."

Wani tsoho ɗan Damagaram ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mutumin da ko ruwa ka ba shi sai ya ɗaga kofin ya duba gindinsa."

Aka yi ƴar dariya, aka bi ta da addu'a. Sai wata Hajiya daga cikin ɗaki ta ɗaga murya, ba ta damu da wa zai ji ba.

"To, amma ni mi ya sa ya ce kada a kai shi gida?"

Kowa ya san Kaka ne ke shige da fice duk lokacin da wani namu ya rasu. Shi ke bin takardu, shi ke raka gawa har filin jirgi. Sai ga shi ya bar wasiyya a binne shi a nan, a ɓangaren Musulmi na maƙabartar gari, cikin ƙasar da bai taɓa yabon ko ruwanta ba.

Sai na ga idanu sun fara juyowa wajena ɗaya bayan ɗaya.

"Ita ce mai gogen?"

"Ita ce. Ta Lyon."

Da aka dawo daga maƙabarta Kawu ya ja ni matakala. Injiniya ne, a nan aka haife shi, Hausarsa tana tafiya da sandar Faransanci.

"Bon. Tun da kika fara zuwa da kiɗan nan tsoho bai sake natsuwa ba. Kin ji abin da ake raɗawa? Wai bori ne. Wai a gidansu akwai abin da ya gudo ya bari, shi ya sa ba ya son komawa ko a mace. Ni ban san mi kuka yi ta ɗauka ke da shi ba. Kafin sadakar arba'in ki share komi, ki cire shi daga littafinki. Ba za a ajiye sunan ubana a jami'a kusa da masu hawan iska ba. C'est tout."

Ba na iya magana idan ana kallona. Amma abin da yake so in share shi ne zuciyar aikin da na yi shekaru ina yi, kuma shi ne kaɗai wurin da muryar Kaka ta rage.

Karatun digirin digirgir nake yi a Lyon kan tsofaffin taken goge: daga ina suka fito, wa aka yi wa su, ta wace hanya suka bi har suka iso bikin aure na yau. Take ɗaya ne ya riƙe ni. Na fara jinsa a wata ma'ajiyar tsofaffin faya-fayai a Paris. Wani Bature ne ya ɗauka a kasuwa tun zamanin mulkin Nasara, bai rubuta sunan mai gogen ba, ya dai ce kiɗan rawa ne. Daga baya na same shi a kaset-kaset na Maraɗi da Kano, na kuma ji shi a fiyano wurin biki, an ƙara masa sauri. Kowa ya san shi, ba wanda ya san sunansa. Waƙarsa ta ɓace, kiɗan kawai ya rage.

Abin da ya dame ni shi ne wani wuri kusa da ƙarshensa. Kiɗan na tafiya lafiya, mai daɗi, sai mai gogen ya danne izga ya gurji tsirkiya, ƙarrr, busasshiyar ƙara marar daɗi, sannan ya koma farko. Da farko na zaci faifan ne ya lalace. Sai na ga kowane mai goge yana yin gurzar a daidai wurin. Har masu fiyano suna neman yadda za su kwaikwaye ta. Ba a gadon kuskure haka. Wani abu ake nufi.

Duk lokacin da na zo Paris aiki, a gidan Kaka nake sauka. Shi ya hana ni kama ɗaki. Ya ce masu otal suna da makullin kowace ƙofa.

Haka yake. Bai yarda da na'urar cirar kuɗi ba, bai yarda da likitan da ya cika murmushi ba, bai yarda da agogon tashar jirgin RER ba sai ya gwada shi da nasa. Idan ya kulle ƙofa ya sauka hawa biyu, sai ya koma ya murɗa ta. Idan ka ce masa ana ruwa a waje, zai buɗe taga. Kalmarsa ita ce, "Wa ya gani?" Ka ce farashin nama ya sauka, wa ya gani? Ka ce wane ya tuba, wa ya gani? Ni kuwa Malama Shiru yake ce mini, ya ce mai shiru ya fi kowa iya ɗaukar rahoto.

Shi ke riƙe da abincin azumi na jama'armu ta Sevran, wanda ake tarawa a raba wa ɗalibai da marasa aiki. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya isa ya karɓe. Ranar da buhunan shinkafa suka iso, ba a raba ko ƙwara sai mutane sun taru. Sai ya kwance bakin buhu, ya naɗe hannun riga har kafaɗa, ya cusa hannunsa har gindin buhun, ya ɗebo daga can ƙasa ya buɗe tafinsa a gaban kowa.

"Kun gani?"

"Mun gani, Alhaji."

"Kai na baya, ka gani?"

Buhu bayan buhu haka yake yi, ko da sun kai ashirin. Mai kantin da ake saye wurinsa a Belleville ya taɓa yin fushi, ya ce shekara nawa ana ciniki, yaushe aka taɓa samun tsakuwa a kayansa? Kaka ya ce, "Ba da kai nake ba." Duk mun ɗauka irin maganarsa ce ta kauce wa rigima.

Ranar da na fara kunna masa taken, muna falo bayan la'asar, Hajiya matarsa tana kuzin. Na yi tunanin tsoho ne daga yankin da aka ɗauki faifan, ƙila ya taɓa ji. Kiɗan bai yi nisa ba ya miƙo hannu ya rufe mini kwamfutar.

"Wa ya ba ki wannan?"

Na yi masa bayani. Ya tambayi sunan ma'ajiyar, da wanda ya buɗe mini ita, da ko an san ni jikarsa ce. Ya daɗe yana kallon na'urar ɗaukar muryar da na ajiye a tebur. Na ce in bai so zan kashe.

"Bar ta. Abin da za a ɗauka a ɓoye gara a ɗauke shi a fili." Ya gyara zama. "Wannan taken maharban Gobir ne. Idan za su shiga daji ake yi musu. Gurzar nan da kike tambaya, ƙarar tsirkiyar baka ce lokacin da kibiya ta tashi."

Ya ba ni labarin tiryan-tiryan, har da irin rigar da sarkin maharban ke sawa. Na koma Lyon kamar an yi mini kyautar gida. Na shafe rabin shekara ina bin kiɗan maharba. Na saurari duk abin da na samu, na yi waya da tsofaffi a gida. Ba ko ɗaya da ya yi kama da shi.

Na dawo masa da wannan a wani ɗan gidan abinci a Belleville, inda yake kai ni cin tuwo duk da bai yarda da miyarsu ba. Ya saurare ni yana juya cokali.

"Maharba na ce miki? A'a. Kunnenki ne. Fatake na ce, masu raƙuma da ke saukowa daga Agadas da gishiri. Gurzar kukan sirdi ce."

Muryarsa tana cikin na'urata yana cewa maharba. Na rubuta fatake. Na sake ɓata wasu watannin.

Labari na uku a Lyon ya ba ni shi. Ya hau jirgin ƙasa da kansa, tsoho mai ciwon gwiwa, da rabin buhun shinkafa a keken kasuwa, saboda ya ji an ce ɗalibai a unguwar Minguettes taliya kawai suke ci, shi kuma bai yarda da shinkafar Lyon ba. Ya haura da ita har ɗakina, ya ƙi in taya shi. Ya duba makullin ƙofata, ya duba tagar, ya ce maƙwabcina yana da idon ɓarawo. Da ya sha shayi ya huta, sai ya ce, ba tare da na tambaye shi ba:

"Taken nan naki, na tuna. Wata mai fura aka yi wa shi a Damagaram. Tana kiwon zabi. Gurzar kukan zabuwa ce."

A ranar ne muka yi faɗa, faɗanmu guda a duniya. Ni ban iya ɗaga murya ba. Na dai kunna masa maganarsa ta farko, sannan ta biyu, na bar shi ya ji kansa. Na ce, "Kaka, wanne zan rubuta?"

"Ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba."

"Kin ce. Na'urarki ta ce." Ya tashi yana laluben hularsa. "Duk taken da ke duniya, mi ya sa sai wannan? Wa ya aiko ki? Kakarki ce ta gaya miki wani abu kafin ta mutu?"

"Wane abu?"

Ya tsaya yana kallona, yana auna ko tambayar gaskiya ce. Sai ya ce, "Kiɗa ya tsufa, ya zubar da haƙoransa, yara suna rawa da shi. Ke kuma kin zo kina neman ki mayar masa da haƙora." Ya fita. Ko rakiya bai bari na yi masa ba.

Bai kira ni ba sai da sanyi ya wuce. Da na ɗauka, ko sallama bai gama ba ya ce, "Malama Shiru, shinkafar ta ƙare?" Ba mu sake tayar da zancen taken ba har ya bar duniya. Ni kuma na ci gaba da zarginsa a zuciyata. Na san yana kare wani abu, ban san mene ne ba. Ba zan ɓoye ba, ni ma bori na fi zato, don goge da bori sun daɗe tare, kuma Alhazai da yawa ba sa son a tuna musu.

A kwanakin zaman makoki zargin ya yi ta girma. Wani ya tuno bikin Kawu, a wani zaure da aka kama haya a Sevran. Mai fiyano ya saki wannan taken, mata suka tashi, sai aka ga uban ango ya ɗauki takalmansa ya fice, bai dawo ba har aka watse. A lokacin an ce tsoron Allah ne. Yanzu aka ce a'a, tsoro yake kada abin ya hau shi a gaban mutane. Tsohon nan ɗan Damagaram ya ce shi Kaka ya taɓa gaya masa taken na maƙera ne. Wani ya ce shi an ce masa na mahauta. Ashe ba ni kaɗai ya yi wa rabon asali ba.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, na shiga kuzin in taya wanke-wanke. Hajiya tana zaune a kujera, ba ta taɓa komai, ƙannen Kawu mata sun hana ta. Ina cuɗa gindin tukunyar shinkafa da cokali, inda ƙanzo ya kama, sai ƙarar ta tsayar da ni. Na tuna wani abu da na sha ji a gidan nan ban taɓa kula ba. Duk ranar da Kaka da Hajiya suka sami saɓani, ba ta mayar masa da magana. Kuzin take shiga, ta kunna famfo, ta fara rera wani ɗan amo a maƙogwaro, ba kalma ko ɗaya. Kafin ta kai ƙarshe Kaka ya sa hula ya fita. Ruwan famfo yana rufe rabin muryar, shi ya sa kunnena bai taɓa haɗa ta da faifan ba.

Na jira ƴan matan suka fita. Na rufe famfo.

"Hajiya, abin nan da kike yi idan kun ɓata da Kaka..."

Ta dube ni ta gefen ido, irin kallon mijinta. Zama tare ya sa sun yi kama.

"Sai yau kika ji? Shi ya ce za ki gano tun kafin yau." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Tura ta. Na'urar tana ina?"

"Tana jaka."

"Ta zauna can."

Garinsu ɗaya da Kaka. Ta ce a zamanin Nasara an tilasta wa kowane gari ya gina rumbun tsimi, kowane magidanci ya zuba hatsi a ajiye saboda shekarar yunwa. Mahaifin Kaka aka ba tsaron na garinsu, don an san shi da amana. Da yunwar ta zo aka taru aka buɗe rumbun. A sama hatsi ne. Wanda aka zura ciki ya ɗebo ƙwarya kaɗan, sai ya fara fito da ƙaiƙayi, daga nan sai rairayi. Mutanen gari suna tsaye a waje da jakunkuna, ba abin da suke ji daga ciki sai ƙwarya tana gurzar ƙasan rumbu.

"Ƙarar ke nan," in ji ta. "Ba kibiya, ba raƙumi, ba zabuwa."

Wani mai goge da ya binne ƴaƴansa a shekarar ya yi wa mai tsaron rumbun zambo. Waƙar ta kama sunansa da na ubansa. Kiɗan kuma ya yi daɗi fiye da yadda ya kamata, ya bi kasuwanni. Duk inda ƴaƴan gidan suka gifta sai wani ya ja musu shi, ko ya yi shi da baki. Da shi Kaka ya girma. Da ya samu hanyar fita bai waiwaya ba.

"Ya ci hatsin?" na tambaya. Sai da na faɗa na tuna mutumin kakan mahaifiyata ne.

"Wa ya gani?" Ta ɗan yi murmushi da ta ji abin da ya fito bakinta. "Wasu sun ce sayarwa ya yi. Wasu sun ce sojan Nasara suka kwashe, suka ce in ya faɗa za su ɗaure shi. Wasu sun ce ya yi ta ba masu zuwa roƙo a ɓoye tun kafin yunwar ta yi tsanani. Shi bai taɓa buɗe baki ba har ya mutu. Alhaji ma bai sani ba. Abin da ya ci shi ke nan, ɗiyata. Da ya tabbata ubansa ɓarawo ne, da ya nema masa gafara ya huta."

Ta rera mini waƙar a hankali, sau ɗaya. Ba zan rubuta ta a nan ba, ba kuma zan rubuta ta a ko'ina ba. Ta ce uwarta ce ta koya mata ita ana gobe za a kai ta, ta ce ta riƙe, namiji mai zafin kai sai da linzami.

"Kuma kin yi ta yi masa?"

"Shi waliyyi ne? Mutumin da zai ƙirga mini cokula bayan baƙi sun tafi? Ban taɓa sa kalmomin ba dai. Ko sau ɗaya." Ta gyara mayafinta. "A asibiti ya tambaye ni ko kin gano. Na ce ba ki gano ba. Ya ce za ki gano, naci gare ki kamar kaska. Ya ce in kin zo da tambaya kada in ƙara miki wata ƙaryar, tasa ta isa."

Na koma Lyon da wannan, kuma jinin Kaka ne a jikina, don haka ban yarda nan take ba. Wa ya ji shi ya faɗi haka a asibiti? Wa ya ce labarin Hajiya ba asali na huɗu ba ne? Na zauna na gwada. Na ɗora kalmomin a kan tsohon faifan, gaɓa bayan gaɓa, suka zauna daram, ba ragi ba ƙari, gurzar kuma ta faɗo daidai inda waƙar ta ambaci ƙasan rumbu. Na koma kan bayanin Baturen na ga kasuwar da ya yi ɗaukar ita ce mafi kusa da garinsu. Wannan ba hujja ce da za ta rufe bakin kowa ba, na kuma faɗi haka a aikina. Amma labaran Kaka uku ba wanda ya ba ni ko rabin wannan.

Saura Kawu. Na roƙi Hajiya ta gaya masa da kanta, ta ce a'a, ni na tono, ni zan ɗauka, ita dai za ta zauna a wurin. Ana jibi sadakar arba'in muka zauna mu uku a kuzin. Na yi maganar idona a kan tebur. Da na gama Kawu ya ɗago kai.

"Donc ba bori ba ne."

"Ba bori ba ne."

"Da borin ne ai da ya fi sauƙi." Ya juya wajen uwarsa. "Inna, abin da kike yi mana muna yara, muna rawa a nan wurin? Wanda na sa aka kaɗa ranar aurena?"

"Shi ne."

"Kuma ba ki hana ni ba?"

"In ce maka mi? A gaban surukanka?"

Ya tashi ya tsaya a taga. Na ce masa abin da na yanke, idan ya yarda. Zan rubuta cewa taken zambo ne da aka yi wa wani mai tsaron rumbu a shekarar yunwa, kuma ba a san gaskiyar abin da ya faru da hatsin ba. Ba sunan gari, ba sunan mutum, ba waƙa. Labaran Kaka uku kuma zan sa su yadda ya faɗe su, a matsayin abin da wani dattijo ya so a ce shi ne asalin. In bai yarda ba, ga na'urar. Na ajiye ta a gabansa.

Ya ɗauke ta yana jujjuyawa. "Muryarsa na ciki?"

"Har da inda yake cewa maƙwabcina ɓarawo ne."

Ya sa ta a aljihu. "Zan saurara," ya ce. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Na kwana biyu ban san ko aikina yana raye ba.

Ranar arba'in aka kawo buhunan shinkafar sadaka, aka jingine su a falo. Mutane sun taru, liman ya yi addu'a. Wani ɗalibi ya kwance buhun farko ya kawo kwano zai fara ɗiba. Kawu ya ce ya dakata. Daga wurin aiki ya zo, da farar riga mai maɓalli. Ya cire agogo ya miƙa wa ƙanwarsa, ya naɗe hannun rigar har kafaɗa, ya durƙusa ya cusa hannunsa cikin buhun. Bai saba ba, sai da ya yi ta murɗawa kafin ya kai ƙasa. Ya ɗebo ya buɗe tafinsa.

"Kun gani?"

Falon ya fashe da dariya, wasu suna share hawaye. Tsohon ɗan Damagaram ya ce, "Shi ke nan, mun shiga uku, zargin bai mutu ba, gado aka bari!"

"Kai na baya," in ji Kawu, "ka gani?"

Ya bi buhunan duka. Hajiya tana bakin ƙofar kuzin, ba ta yi dariya ba. Da ya gama ya zo wucewa ta gabana, hannunsa fari fat da garin shinkafa, ya zaro na'urar ya ajiye mini a cinya.

"Ki yi mini kwafi," ya ce.

Har yau a Sevran akwai masu cewa bori ne ya hana Kaka komawa gida. Ba mu gyara musu ba. Ni dai na ga mutumin da ya shekara arba'in da wani abu yana nuna wa jama'a gindin buhu, ba wanda ya taɓa tambayarsa, ba kuma wanda ya taɓa samun ko tsakuwa ɗaya a abin da aka ba shi ajiya.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa kabarinsa a ƙasar da bai yarda da ita ba. Allah ya jiƙan mahaifinsa, Shi da ya ga abin da ya faru a rumbun. Ya jiƙan mai gogen da ƴaƴan da ya binne. Mu kuma da muka yi rawa ba mu sani ba, Allah ya yafe mana. Amin.